Haƙori da Haƙuri

Wasali ɗaya ya raba su,
haƙori da haƙuri.
Na gano haka ne a aikin dare,
a gidan nan na bayan Rikkos
mai gado ashirin da bakwai.

Jatau ba ya magana,
shekara arba'in da uku kenan.
Amma ranar Laraba ya ture kwanon gwate,
shi da ke side kwano har da ɗan yatsa.
Alhamis ya dinga gwara kunci da ƙarfen gado.
Aka rubuta a littafi: rigima.
Aka ƙara masa maganin barci.

Ni na haska masa fitilar waya.
Turmin hagu ya rufta kamar tsohon ramin kuza,
dasashi ja wur,
wari irin na abin da aka daɗe da mantawa.
Sanyin Jos ya bi ta ƙasan ƙofa
ya sami ramin, ya zauna.

Na jiƙa kanumfari. Na dafa ruwan gishiri.
To wa zai koya masa kurkurar baki
ƙarfe biyun dare?
Ya haɗiye, ya kalle ni.

Da safe Madam Nanbam ta buɗe littafin kuɗi.
Ga layin shinkafa, ga na gas,
ga sabulu, ga maganin farfaɗiya.
Ta bi da yatsa har ƙasan shafi.
Ta ce, Tasalla, masu kawo taimako
bargo suke so su bayar, a ɗauke su hoto.
Ba a taɓa zuwa an tambayi bakin kowa ba.

Asibitin haƙori yana saman bene, kusa da Taminus.
Matakala goma sha tara, na ƙirga da bayana.
Ni a gaba, mai Napep a baya,
keken Jatau yana lilo tsakaninmu.

Likitar yarinya ce, mai sanyin hannu.
Ta ce, buɗe baki, Baba.
Ya ga fitila, ya ji ƙarar inji,
ya datse kamar ƙofar da aka sa wa sakata.
Ta ce sai an sa shi barci gaba ɗaya,
kuma ba a nan ba, sai babban asibiti.
Ta rubuta lissafi a bayan kati:
gyara, albashina na wata biyar,
cirewa, na wata biyu.
Kuma dole ɗan'uwa ya sa hannu.

Lambar ɗan'uwan tana cikin fayil.
Na kira sau tara.
Wata murya ta ce min babu wannan lambar.

Ku yi haƙuri, in ji mai kati.
Ku yi haƙuri, in ji mai ba da rana,
sai bayan makonni shida.
Na kwaso haƙurin cikin jaka na kawo gida,
ban ga inda ake shafa shi ba.

Barmani, mai gado na huɗu,
wadda ke saƙa hular sanyi da hannu ɗaya da haɓa,
ta kwance bakin zane, dubu uku da ɗari biyu.
Ta yi dariya, na ga dasashi fayau.
Nawa sun tafi ɗaya bayan ɗaya, ta ce,
a bar wa yaron nan nasa.

Ba a bar masa ba.
Cirewa muka iya.

Yana nan cikin kwalin ashana a aljihuna,
ban san wa zan miƙa wa ba.
Jatau na zagaya giɓin da harshe,
jiya ya cinye gwate, ya miƙo kwano.

Saura baki ashirin da shida ban haska ba.
Ni ma tun azumi
da gefe ɗaya nake tauna.